Ina Kuɗin Gudummawar 'Yan Sanda Ke Tafiya a Amurka?

Tun daga watan Fabrairu na shekarar 2024, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu da gwamnoni suka zauna a Abuja suka yarda a duba batun kafa 'yan sandan jihohi, maganar nan ba ta bar bakin jama'a ba. Masu so suna kawo misali da Amurka, inda kowane gari ya ke da 'yan sandansa, Gwamnatin Tarayya kuwa tana taimakawa da kuɗi daga nesa. To, tun da ya ke an ɗauko misalin, ya kamata a dube shi da kyau. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wa masu karatu, musamman malaman makaranta da akawunan da aikinsu ya shafi baitulmali, irin kuɗin gudummawar da a ke ba 'yan sandan garuruwa a can, da abin da su ke yi da su, da kuma abin da ke juya akalar kashe su.

Yadda tsarin ya ke

A Amurka akwai hukumomin 'yan sanda wajen 18,000. Daga cikinsu kimanin 12,000 na birane ne da garuruwa, wajen 3,000 kuma na gundumomi ne, inda galibi jama'a ke zaɓen shugaban da ƙuri'a. Wasu manya ne ƙwarai, kamar na birnin Niyu Yok mai 'yan sanda fiye da 30,000, amma kusan rabin na garuruwa ba su da ko mutum goma masu aiki cikakke. Kowace hukuma majalisar garinta ke yi mata kasafi, daga harajin gidaje da na ciniki.

A cikin shekarar 2021 jihohi da ƙananan hukumomi sun kashe wa 'yan sanda kimanin dala biliyan 135, kuma mafi yawan wannan nauyi ƙananan hukumomi ne suka ɗauka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin nan suna tafiya ne wajen albashi da alawus da sauran hidimomin yau da kullum. Idan aka ajiye gudummawar Tarayya kusa da wannan tsibi sai a ga ba ta taka kara ta karya ba, gama abin da a ke rabawa ta babbar hanyar tallafi a shekarun baya-bayan nan bai kai dala miliyan 400 a shekara ba, watau bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

Amma duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kasafi ya san inda sirrin ya ke. Kuɗin albashi kuɗi ne masu mai su tun kafin su shigo. Shugaban 'yan sanda ba shi da ikon taɓa su. In yana son sabuwar na'ura, ko sabon reshe, ko wani aiki da babu shi a bara, sai ya ɗaga kai ya dubi gudummawa. Don haka kuɗin nan, duk da ƙanƙantarsu, su ne ke nuna inda aikin ɗan sanda zai dosa gobe.

Mafarin gudummawar

A cikin watan Yuni na 1968, bayan tarzomar da ta auku a birane da yawa, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan wata doka ta yaƙi da laifi, aka kafa hukuma ta musamman mai raba wa jihohi kuɗi. Hukumar nan ta kashe biliyoyin daloli, aka yi ta kuka da ita cewa da yawa daga kuɗin farko sun ƙare ne a kayan kwantar da tarzoma da jirage masu saukar ungulu da na'urori, laifi kuwa bai ragu ba. A 1982 aka rufe ta.

Hanyar da ta gaje ta ana kiranta da sunan Edward Byrne, wani saurayin ɗan sanda mai shekara 22 wanda 'yan ƙwaya suka harbe a Niyu Yok a watan Fabrairu na 1988, yana zaune cikin mota yana gadin gidan wani mai ba da shaida. A 2005 aka haɗa ta da wata hanyar, aka tsara mata ƙa'idar rabo. Rabin kuɗin ana raba wa jihohi bisa yawan mutanensu, rabi kuma bisa yawan laifuffukan zub da jini da suka rubuta. Daga kason kowace jiha, kashi 60 na shiga hannun gwamnatin jihar, kashi 40 na tafiya kai tsaye ga garuruwa, sai dai garin da rabonsa bai kai dala 10,000 ba, shi nasa ta hannun jiha ya ke bi. Masu karatu su lura da abu ɗaya a nan: garin da laifi ya ragu a cikinsa, rabonsa ma raguwa ya ke yi.

Hanya ta biyu ita ce wadda a ke kira COPS, wadda Shugaba Bill Clinton ya kafa a 1994 da alkawarin ƙara 'yan sanda 100,000. Ita albashi ta ke biya: har kashi 75 cikin 100 na albashin sabon ɗan sanda na tsawon shekara 3, gari ya cika sauran. Ta uku ta zo ne bayan harin 11 ga Satumba na 2001, sa'ad da aka kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, ta shiga ba birane kuɗin shirin tunkarar ta'addanci. Akwai kuma ta huɗu wadda kaya ta ke bayarwa, watau shirin da a ke kira 1033, inda soja ke miƙa wa 'yan sanda rarar kayansu kyauta. Kayan da aka miƙa ta wannan hanya tun daga shekarun 1990 kuɗin sayensu na asali ya haura dala biliyan 7.

Abin da a ke saye

Dokar Byrne ta buɗe ƙofa da faɗi. An yarda a kashe kuɗin a kan aikin 'yan sanda, da kotuna, da gidajen yari, da rigakafin laifi, da jinyar masu shan ƙwaya, da taimakon waɗanda aka zalunta, daga baya ma aka ƙara kula da masu ciwon taɓin hankali. An hana sayen fili, da gini in ba na kurkuku ba, da kayan alatu, sai da izini na musamman. Duk da faɗin ƙofar nan, kaso mafi girma yana komawa ga 'yan sanda ne, a garuruwa kuwa galibi kaya a ke saye: motocin sintiri, rediyon oba-oba, kwamfutocin cikin mota, bindigar lantarki, da kuɗin aikin ƙarin lokaci.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne ga wanda ya san aikin ofis. Mota ana sayenta sau ɗaya, a karɓi rasit, a manna a fayil, odita ya zo ya gani ya sa hannu. Amma ɗaukar ma'aikacin jinya mai raka 'yan sanda wurin mai taɓin hankali yana bukatar albashi kowane wata, da rahoto, da haɗa kai da wani ofishi, amfaninsa kuma ba ya shiga rasit. Ƙaramin gari da ya sami dala 15,000, wanda sajan ɗaya ne ke cika takardun bayan ya gama sintiri, lalle abin da ya fi sauƙin rubutawa shi zai zaɓa.

Ba mu ce duk sayen kaya ɓarna ba ne. Tun 1998 akwai shirin da ke biyan har rabin kuɗin rigar sulke, kuma daga 2011 aka sa sharaɗi cewa duk hukumar da ke son kuɗin sai ta rubuta dokar tilasta wa 'yan sandanta masu sintiri sa rigar. Wannan gudummawa ce mai manufa ɗaya, mai sauƙin bincike, kuma rigar tana tare harsashi. Inda matsala ta ke shi ne wurin da aka ba da kuɗi masu yawa da sunan wani abin tsoro, ba tare da an tambayi gari ko yana bukata ba.

Ga misalin garin Keene a jihar New Hampshire, mai mutane wajen 23,000, gari mai zaman lafiya. A 2012 ya karɓi kimanin dala 286,000 daga kuɗin yaƙi da ta'addanci ya sayi mota mai sulke samfurin BearCat. Cikin dalilan da aka rubuta a takardar nema har da bikin kabewa da garin ke yi kowace shekara, wai kada 'yan ta'adda su far masa. Mutanen gari da yawa sun ƙi, amma majalisa ta karɓa, tun da ba daga aljihunta ba ne. A watan Disamba na shekarar nan Sanata Tom Coburn na jihar Oklahoma ya fitar da rahoto ya jera wannan da ire-irensa, yana cewa an kashe biliyoyi ba tare da an iya auna ko ƙasa ta ƙara tsaro ba.

A watan Agusta na 2014, bayan wani ɗan sanda ya harbe Michael Brown a garin Ferguson na jihar Misuri, duniya ta ga 'yan sandan gunduma a kan motoci masu sulke suna auna masu zanga-zanga da bindigogi kamar a fagen fama. Wannan ya sa Shugaba Barack Obama ya taƙaita irin kayan da za a bayar ko a saya da kuɗin Tarayya a 2015. Shugaba Donald Trump ya soke taƙaitawar a 2017, Shugaba Joe Biden ya maido da ita a 2022, Trump ya sake soke umarnin Biden a watan Janairu na 2025. Har ila yau a 2017 masu binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar sun gwada tsaron shirin 1033: suka ƙirƙiri hukumar 'yan sanda ta ƙarya, suka nemi kaya, aka ba su na kimanin dala miliyan 1.2 ba wanda ya je ya ga ko ofishin yana nan.

Tambayar da ke cikin fom

Abin da ya fi kaya nauyi shi ne abin da a ke tambayar wanda ya karɓi kuɗi a ƙarshen wata uku. Shekaru da yawa fom ɗin rahoton Byrne yana tambayar mutum nawa aka kama, ƙwaya nawa aka ƙwace, dukiya nawa aka riƙe. Wanda ya san cewa da yawan kamu za a auna shi, kuma da wannan awo zai nemi kuɗin baɗi, to, kamu zai nema ko ta halin ƙaƙa.

Mutanen Tulia, wani ƙaramin gari mai mutum wajen 5,000 a jihar Teksas, su suka ɗanɗana kuɗar wannan. Ranar 23 ga Yuli na 1999 aka yi samame da asuba a kan mutum 46, waɗanda 39 daga cikinsu baƙar fata ne, bisa zargin sayar da hodar iblis. Shaidar duka ta fito ne daga bakin ɗan sandan ciki guda ɗaya, wanda ke aiki ƙarƙashin wata rundunar haɗin gwiwa da a ke ciyar da ita da kuɗin Byrne. Ba shi da hoto, ba shi da muryar da ya ɗauka, ba shi da abokin aiki da ya gani, kuma a wajen samamen ba a sami ƙwaya ko tarin kuɗi ba. Duk da haka aka ɗaure mutane, wasu shekara 20, wani manomi har shekara 90, aka kuma ba ɗan sandan lambar yabo ta jiha. Sai da lauyoyi suka yi shekaru suna tono, har wata daga cikin waɗanda a ke zargi ta kawo takardar banki mai nuna tana wata jiha a ranar da aka ce ta yi cinikin, sa'an nan gaskiya ta fito. A watan Agusta na 2003 Gwamna Rick Perry ya yafe wa mutum 35, aka biya diyya wajen dala miliyan 6, a 2005 kuma kotu ta sami ɗan sandan da laifin rantsuwar ƙarya.

Rundunar nan ta garuruwa da gundumomi da yawa ce, saboda haka babu majalisar gari ɗaya da ke ganin ita ce uwarta. Kuɗi daga Washinton, lissafi zuwa babban birnin jiha, aiki a ƙauye, ba mai tsayawa a tsakani. Daga baya jihar Teksas ta daina ba irin waɗannan runduna kuɗin, Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya kuma ta gyara tambayoyin fom ɗinta a tsakiyar shekarun 2010 bayan suka mai yawa. Amma waɗanda suka yi shekara huɗu a kurkuku ba wanda ya mayar musu da kwanakinsu.

Bayan kuɗi sun ƙare

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kowace gudummawa tana da ranar ƙarewa, kuma a nan ne ma'ajin gari ke shiga uku. A ƙarƙashin COPS iyakar abin da Tarayya ke biya wa ɗan sanda ɗaya shi ne dala 125,000 a shekara 3, sa'an nan dole gari ya riƙe shi aƙalla wata 12 daga aljihunsa. Daga nan albashi da fansho na shekaru masu zuwa duk sun hau kan masu biyan haraji na garin. Akwai kuma doka cewa kada a yi amfani da gudummawa wajen maye gurbin kuɗin da gari ya riga ya ware, amma masu bincike na Ma'aikatar Shari'a sun sha samun garuruwan da suka karɓi kuɗin ɗaukar sababbi suka biya tsofaffi, suka karkatar da nasu zuwa wani wuri.

Shin kuɗin sun yi amfani? A 2005 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki ya ƙiyasta cewa tsakanin 1993 da 2000 laifi ya ragu da kashi 26 cikin 100 a ƙasar, kuma abin da kuɗin COPS suka jawo daga ciki kashi 1.3 ne, a laifuffukan zub da jini kuwa kashi 2.5 ne daga cikin 32. Amfani ne na gaske, gama kowane kashi rayuka ne, amma bai kai yadda 'yan siyasa suka yi ta shela ba. Abin yabo a nan shi ne an iya aunawa, domin an san ɗan sanda nawa aka ɗauka, a wane gari, a wace shekara. Motar sulken Keene ba wanda zai iya auna abin da ta hana.

Kaya ma suna da nasu cin. Wanda aka ba kyautar doki, shi zai nemi dawa da ingirici. A 2015 Ma'aikatar Shari'a ta raba fiye da dala miliyan 23 ga hukumomi 73 don sayen kamarar da ɗan sanda ke ratayawa a ƙirji. Kamarar ba ta da tsada sosai, amma ajiyar hotunan da ta ɗauka kuɗi ne na kowace shekara da a ke biyan kamfani, har wasu ƙananan garuruwa suka ajiye kamarorin don sun kasa biya. Haka kuma bayan annobar korona, dokar agaji ta 2021 ta ba jihohi da ƙananan hukumomi dala biliyan 350, Shugaba Biden ya ƙarfafa su su sa wani abu a tsaro, a watan Mayu na 2022 kuma fadarsa ta ce an ware wajen biliyan 10 don haka. Jihar Alabama ta ɗebi miliyan 400 don gina kurkuku. Wasu birane suka yi hayar na'urar ShotSpotter mai sauraron ƙarar bindiga, alhali kuwa tun a watan Agusta na 2021 babban mai binciken birnin Shikago ya duba kira fiye da 50,000 da na'urar ta yi, ya tarar wajen kashi 9 cikin 100 kaɗai ne aka sami alamar laifin bindiga. Shikago ta rabu da ita a watan Satumba na 2024.

Sa'an nan mai bayarwa yana iya janye hannunsa. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaura wa kuɗin Byrne sharaɗin taimaka mata wajen kama baƙin haure, birnin Shikago ya kai ƙara ya yi nasara. A watan Afrilu na 2025 Ma'aikatar Shari'a ta soke tallafi fiye da 350 a tsakiyar aiki, waɗanda jimlar da aka yi musu alkawari tun farko ta kai wajen dala miliyan 800, da yawansu na ƙungiyoyin sasanta matasa ne da masu taimakon waɗanda aka zalunta. Mota da aka riga aka saya tana nan a gareji, amma ma'aikacin da albashinsa ya rataya a kan tallafi sai ya koma gida.

Abin da ya shafe mu

Mu a nan Arewa ba baƙi ba ne ga 'yan sandan gida. Dattawa suna tune da 'yan doka na En'e, waɗanda a ke biya daga baitulmalin kowace masarauta, sun san kowane lungu da kowane ɓarawo, amma kuma an yi kuka da su ƙwarai cewa ana jan su a kan 'yan hamayya a zamanin siyasar farko. Wannan kuka na cikin abin da ya sa gwamnatin soja ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya bayan 1966, kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya zo da sashe na 214 wanda ya hana kafa wata rundunar daban. Duk da haka kuɗin tsaro na musamman sun riga sun shigo mana: Legas ta kafa asusun tsaronta a 2007, Tarayya ta yi dokar asusun 'yan sanda a 2019, Katsina ta ƙaddamar da dakarun sa-ido na al'umma a 2023, Zamfara ta bi da Askarawa a 2024. Kusan kullum abin da a ke nuna wa jama'a a ranar biki shi ne jerin motoci da babura.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin a zuba wa kowace runduna kuɗin gudummawa, muna ganin akwai tambayoyi uku da ya wajaba a amsa a rubuce. Ta farko, da me za a auna aikin? In da yawan kamu ne, za a cika kurkuku da talakawan da ba su da lauya, kamar yadda aka yi a Tulia. Gara a tambayi ƙauye nawa suka yi noma suka girbe lafiya, da ƙara nawa suka kai gaban alƙali aka tabbatar. Ta biyu, wa zai biya mai da gyara da albashi bayan gudummawa ta yanke? Kada a karɓi mota sai an nuna layinta a kasafin baɗi. Ta uku, wa zai ga takardun? Dokar Byrne ta ce a miƙa takardar nema ga majalisar gari kwana 30 kafin a aika, a kuma ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu. A can ma sau da yawa ba mai zuwa zaman, amma dokar ta sa takardun suna fili.

Wannan aiki na uku a hannun irin masu karanta jaridar nan ya ke. Akawun da ya ƙi sa hannu a bauca sai ya ga kayan da idonsa, da malamin da ya koya wa almajiransa karanta kasafin ƙaramar hukumarsu, suna tsare gari kamar yadda mai bindiga ke tsare shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.